Shekarar da Asu Ya Ci Mini Kogi

Asabar ɗin da ta wuce, a kasuwar masu aikin hannu ta Hyattsville, wata yarinya 'yar mutanenmu ta tsaya a rumfata, ta shafa wani aiki da na rataye, ta ce, "Mama, wannan ai easy ne. Na gani a waya, minti goma matar ta gama." Ƙawayenta suka gyaɗa kai. Ban tanka ba, don akwai mai saye a tsaye. Amma tunda yau ga ku a ɗakin aikina, ku shida, wai kun zo koyo, to ku kife wayoyin nan a kan tebur ku saurara. Abin da yarinyar nan ta shafa sati biyar na yi a kansa, kuma kafin in iya gama irinsa a sati biyar sai da na shafe shekara ashirin da biyu ina yi.

Sunana Saratu, a Bukuru aka haife ni, iyayenku kuwa Maman Bitrus suke ce mini. Abin da nake yi Turawa suna ce masa felt. Mu ba mu da sunansa, amma duk wanda ya taɓa riƙe jar dara ya san shi: tufa ce da ba a saƙa ba, ba a ɗinka ba. Gashin tumaki ake jerawa, a jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu, a yi ta murza har ya kama juna ya zama abu guda. Ni matsi nake ce masa. Da shi nake yin duwatsu da koguna da gonaki, mutane su rataye a bango.

Matsi na farko da na gani da idona shimfiɗar kujera ce. Lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, shekarata ta biyu a ƙasar nan, ina ɗaga mutane, ina juya su, ina canza zanin gado. Akwai abokiyar aikina Gulnara, 'yar ƙasar Kirgistan, gajeriya mai faɗin kafaɗa, ta ba ni shekara goma sha wani abu. Duk lokacin cin abinci sai ta zaro wani abu mai kauri daga jaka, ja da baƙi da zanen ƙahon rago, ta ɗora a kujera kafin ta zauna. Wata rana na ɗauka na juya shi ina neman ɗinki, ban samu ba. Na nemi zare, babu. Na tambaye ta wane inji ya yi wannan. Turancinta bai fi nawa ba a lokacin. Sai ta ɗaga mini damatsanta biyu ta ce, "Ga injin."

Kakata ta yi kaɗi, na san bakan shiɓa, na san mazari, don haka na ɗauka na riga na ci rabin hanya. Na roƙi Gulnara ta koya mini. Ta ce in zo gidanta a Germantown ranar Lahadi bayan coci. Na je da sabon zane da littafin rubutu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ba ni wani tsohon wandon mijinta, ta sa ni a mota, muka hau babbar hanyar nan ta 270 har muka wuce gidaje muka shiga gonaki. A can wani manomi ya loda mana buhu uku na gashin da aka aske a satin. Ku da kuka saba ganin ulu a leda, fari fat kamar auduga, ba ku san yadda yake fitowa daga jikin tunkiya ba. Maiƙo, ƙaya, ciyawa, kashi ya bushe a jikinsa. Warin ya yi wata guda a motar.

Wankin farko da na yi, na yi shi ne kamar yadda uwata ta koya mini wanki. Na zuba ruwan zafi, na sa sabulu, na cuɗa da ƙarfina. Da na ɗago, gashin ya dunƙule ya zama wani curi kamar ɗumamen tuwo, ko wuƙa ba ta shiga. Gulnara ba ta yi faɗa ba. Ta matse shi, ta sa mini a jaka, ta ce, "Ki kai gida ki riƙa kallo." A nan na koyi abu na farko: gashin tumaki a shirye yake ya kama juna a kowane lokaci, kuma rabin sana'ar nan shi ne hana shi kamawa kafin ke ki so. Ana tsoma shi ne a ruwan zafi a ƙyale, a ɗago a hankali kamar jinjiri, a sake ruwa, har sau huɗu. Wata bakwai na yi ina wanki da tsince ƙaya da taje gashi. Ko sau ɗaya ba ta bar ni na taɓa mai launi ba.

Da ta yarda na fara jeri, ga yadda take gwada ni. In na gama, sai ta ɗauki aikin ta kai bakin taga ta ɗaga shi a rana. Duk inda haske ya ratso, nan na yi rowar gashi. Sai ta zura yatsa a wurin ta huda, ta miƙo mini. Na ce, "Malama, ai da kin bari na toshe." Ta ce, "Mutanenmu da wannan suke rufe bukka a cikin ƙanƙara. In iska ta shigo ta nan, jaririn wa zai mutu?" Na ce ni ba bukka zan yi ba. Ta ce to hannun bai san haka ba.

Ku dubi kayan aikina, ga su nan, babu na ɓoyewa. Asabari na gora, irin wanda ake rataye wa a taga. Tsohon gidan sauro da na yanka. Bututun roba da nake naɗe aikin a jikinsa. Sabulun sanda, buta, mataji biyu masu haƙoran waya. Sai allura mai ƙaya da ake soka ƙananan abubuwa da ita bayan aiki ya bushe, kamar reshe ko kumfar ruwa. Allurar nan ta shiga yatsana ya fi a ƙirga, kuma saboda ƙayarta fitarta ta fi shigarta zafi. Duk kayan nan za ku iya haɗa su a yini ɗaya. Abin da ba za ku samu a shago ba shi ne tafin hannu. Ranar da na je a ɗauki zanen yatsuna don takardun zama ɗan ƙasa, na'urar ta kasa karantawa. Sau uku ma'aikaciyar wurin tana goge gilashin. Ta ce, "Me kike yi da hannun nan?" Na ce aiki. Sabulu da murza sun shafe zanen tas. Sai da na yi sati uku ban taɓa ruwa ba sannan na koma.

Aikin da ya raba ni da Malama shi ne kududdufin kuza. Duk wanda ya tashi a Bukuru ya san su, ramukan da masu haƙar kuza suka bari, ruwa ya cika su ya yi kore shar, ga tulin jar ƙasa a gefe. Wata Asabar maigidana ya kai mu inda kogin Potomac ke faɗowa a kan duwatsu, na tsaya ina kallon baƙaƙen duwatsun nan sai na ga kamar na gida. Na dawo na rina gashi da ɓawon albasa da gangamau da baba, na jera kududdufin bayan gidanmu. Ba abu ne mai sauƙi ba. In kika jera aiki, sai ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ya gama kamawa, kuma launuka suna tafiya. Jan da kika sa a ƙasa zai huda ya fito a sama, dutsen da kika ajiye a nan zai matsa can. Dole ki ga ƙarshen abin tun yana tulin gashi mai tsawon gwiwa. Sau tara na yi kududdufin nan kafin ruwan ya zauna a inda na sa shi.

Na kai wa Malama na taran. Ta ɗaga a taga, haske bai ratso ba. Sai ta ce, "Matsin ya yi. Amma wannan hoto ne. Mu ƙahon rago muke yi, da kan mikiya, abin da kakanni suka bari. Wannan ba sana'armu ba ce."

Na ce, "Malama, kakanninki ne suka bar miki ƙahon rago. Ni nawa rami suka bar mini, shi zan yi."

Ta naɗe ta miƙo mini. Daga ranar muka koma gaisuwar sallah da Kirsimeti, daga baya ma ita ɗin ta yanke. Shekara shida ba mu yi magana ba. Ni kuwa na ajiye aikin gidan tsofaffi na kama wannan gadan-gadan.

Masu saye iri-iri ne. Turawa sai sun taɓa, sai sun tambayi sunan tunkiyar. Mutanenmu kuwa tambayar farko ita ce, "Darduma ce?" Wani likita a Mitchellville, mutumin wajen Funtuwa, ya kira ni gidansa ya nuna mini hoton dutsen bayan garinsu a waya, ya ce haka yake so sak. Na ce, "Likita, in sak kake so, ka kai a buga maka a takarda. Ni ka faɗa mini, in an yi ruwan farko, wane launi ƙasar gindin dutsen nan take komawa?" Ya ce kamar hantar da ba ta gama gasuwa ba. Na ce yanzu ka ba ni aiki. Hajiyarsa ta leƙo ta ce don Allah a sa launin ruwan toka, ya dace da kujerun falo. Na ce, "Hajiya, kujera za ta tsufa ki canza. Dutsen nan yana nan tun kafin a haifi Likita." Ta ji haushi, ba ta raka ni ƙofa ba. Aikin yana falonsu yau shekara tara, kujerun kuwa an canza sau biyu.

Yanzu bari in ba ku labarin muguwar shekara, don ita ce ta nuna mini ko ni mai sana'a ce ko mai wasa.

Wani kamfanin kwamfuta a Germantown ya gina sabon ofis. Matar da ke kula da ginin, Misis Dana, ta ga aikina a kasuwa, ta ce tana son kogin Potomac a bangon da ke fuskantar ƙofar shiga. Faɗi ƙafa goma sha biyu, tsayi ƙafa biyar. Ban taɓa yin ko rabin haka ba. Ta ba ni wata bakwai. Na yi shi gunduwa uku a kan teburin nan na haɗa, ni kaɗai, ina naɗewa ina mirginawa da damtse sau ɗaruruwa ta kowace fuska, har kafaɗata ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. A wata na biyar na gama. Na naɗe shi na ajiye a nan ɗakin ƙasa tare da wasu ayyuka goma sha ɗaya da na tara.

A cikin wannan tsakanin ne wani manomi da zai rufe gonarsa ya ba ni buhu huɗu na gashi kyauta. Ina da doka: duk gashin da ya shigo gidan nan sai ya kwana bakwai a firiza, a fito da shi, a sake mayarwa, don sanyi ya kashe ƙwan asu. Asu, ku da aka haifa a nan, shi ne ɗan ƙwaron nan mai fiffike da tsutsarsa ke cin kayan ulu. Ranar na gaji, firizar cike take da nama, na ce gobe. Na jingine buhunan a lungun can. Goben ba ta zo ba. Babu wanda ya yi mini wannan, ni na yi wa kaina.

Zafin watan Agusta ya shigo da gumin nan nasa. Wata safiya na sauko in warware kogin in sa masa sandar ratayewa. Ina ɗaga shi sai na ji wani abu kamar yashi yana zuba a ƙafata. Wasu 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa suka tashi. Na shimfiɗa shi. Duwatsun da na rina da ɓawon itace suna nan, ba su taɓa su sosai ba. Amma kogin, da na yi shi da farin gashi da ban rina ba, sun cinye shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ina ganin siminti ta cikinsa. Na buɗe sauran goma sha ɗayan, biyu kaɗai suka tsira. Saura sati tara a buɗe ofishin.

Maigidana ya sauko ya duba, ya ce, "Maman Bitrus, ki kira matar nan ki ba ta haƙuri." Da yamma matan zumunta na cocinmu suka zo jaje, shugabarsu Mama Rahila a gaba. Ta zauna a kujerar da kike zaune ɗin nan, ta ce, "Saratu, mu dai gaskiya za mu faɗa miki. Mace mai shekarunki, da takardar jinya a hannu, ki zauna kina wasa da gashin tumaki? Wannan Allah ne ya nuna miki hanya. Inda nake aiki suna neman mutane, gobe ma sai ki fara." Wata kuma ta ce ai abin mai sauƙi ne, in toshe ramukan da allura ta baya, wa zai sani.

Na ce, "Ni zan sani. Ƙwan yana ciki. In na kai musu, shekara biyu bangon zai zube, ya kuma cinye musu kafet. Sannan su ce 'yar Najeriya ce ta kawo." Na juya wajen Mama Rahila na ce, "Mama, na gode da zuwa. Shekara goma na yi ina ɗaga mutane, ban raina aikin ba. Amma ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba ba zai zaɓa mini sana'a ba."

Washegari na ɗaure kogin da ayyuka tara da buhunan nan huɗu a baƙar leda, na kai juji da hannuna. Na wanke ɗakin nan da ruwan zafi har rufi. Sauran tsabtataccen gashin da ke cikin robobi kuwa dole ya shiga sanyi, ga shi ya fi ƙarfin firizata. Sai na tafi wajen Alhaji Sani, mai shagon kayan abincin gida a Hyattsville, wanda ke da ɗakin sanyi na nama. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, aron sanyi na zo nema."

Ya ce, "Maman Bitrus, na ba da aron tukunya, na ba da aron mota, amma aron sanyi yau na fara ji." Na yi masa bayani. Ya sa aka matsar da katan ɗin kifi, gashina ya yi sati biyu tsakanin akuya da kaza. Da na zo ɗauka ya ce in an tambaye shi zai ce wata sabuwar ganda ce daga gida.

Rini da jeri ba su dame ni ba, na riga na san hanyar kogin. Matsin ne matsala. Likitan ƙashi ya duba kafaɗata ya ce in na sake mirgina abu mai nauyi, sai an yi mini aiki. Kuma lokacin yin gunduwa uku ya wuce, dole a matse shi gaba ɗaya, abin da in ya sha ruwa mutum uku ba sa ɗaga shi. Na yi kwana biyu ina kewaya wayar, sannan na kira Gulnara. Ban yi dogon bayani ba. Na ce, "Malama, asu ya ci ni. Ƙafa goma sha biyu, sati biyar, kafaɗa ɗaya."

Ta ce, "Ba ki sa a firiza ba."

Na ce ban sa ba.

Ta yi tsaki, ta ce, "Ki nemo mata. Masu nauyi. Su sa takalmi mai ƙarfi."

Mata masu nauyi kuwa na san inda suke. Na je taron zumunta ranar Alhamis, na miƙe na ce ban zo neman shawara ba, an riga an ba ni, ƙafafu na zo nema. Aka yi dariya. Mama Rahila ta ce, "Za mu zo, ko don mu ga ƙarshen taurin kan nan."

Ranar Asabar muka taru a filin ajiye motoci na bayan coci. Na shimfiɗa asabari shida da na ɗinke wuri guda, jerin yana kai, ƙafa goma sha takwas, tulin gashi har ƙauri. Gulnara ta iso a jirgin ƙasa da sandarta, ta tsufa, ta rame. Ba mu rungumi juna ba. Ta zagaya jerin sau ɗaya, ta ce a kawo ruwa. Aka yi ta fito da tafasasshen ruwa daga kicin ɗin coci a butoci, ina yayyafawa ta kan gidan sauro, tana nuna mini da sanda inda bai jiƙu ba. Muka naɗe, muka ɗaure da igiya tamau, ya zama kamar gungumen itace. Sai ta sa mata biyu su ja igiya a gaba, sauran su jeru a baya, suna tafiya suna taka gungumen da ƙafa yana mirginawa. Haka ake yi a ƙauyensu.

Mata goma sha ɗaya, da zannuwansu da takalman jinya, suna taka abu daga wannan bango zuwa wancan. Da farko kowa na yin nata, Gulnara na ta ihu da yarenta. Sai wata ta ɗauko waƙar zumunta, ƙafafu suka daidaita. Wani Bature maƙwabcin cocin ya leƙo ta shinge ya tambaya, cikin ladabi, ko mene ne a cikin naɗin. Mama Rahila ta ce masa kogi ne. Ya koma gida bai ƙara tambaya ba. Duk bayan rabin awa sai mu kwance, in gyara gefe, in ja dutsen da ya fara gudu, a ƙara ruwan zafi, a naɗe ta ɗaya fuskar. Awa biyar muka yi. Da aka kwance na ƙarshe, Mama Rahila tana zaune a kan bokiti tana haki, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta dubi kogin ta ce, "Saratu, ashe abin da kike yi ke nan a ramin nan naki?"

Na ce, "Mama, wannan ƙarshensa kika gani."

Gulnara ta durƙusa da ƙyar, ta bi shi da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta kuma ce hoto ne ba. Ta ce, "Sama ta yi siriri a kusurwar hagu." Na taɓa, gaskiyarta ce. Kwana uku na yi da allura a kusurwar nan bayan ya bushe.

Saura kwana biyu a buɗe ofishin ni da maigidana muka kai shi a motar Alhaji Sani. Muna shiga sai na tarar Misis Dana ta bar aikin. Wanda ya gaje ta wani saurayi ne mai fara'a, Mista Kevin. Ya yaba, ya ɗauki hoto, sannan ya kai ni bangon. A gefen dama sun kafa wani ƙaton allon talabijin da ke nuna sunan kamfanin. Ya ce, "Ƙaramar matsala ce, Madam. Sai mu rage ƙafa uku daga wannan gefen. Ai ba zai warware ba, ko? Na karanta cewa irin wannan ba ya warwarewa in an yanka." Har ya sa an kawo almakashi.

Na ce, "Ka karanta daidai, ba ya warwarewa. Amma a ƙafa ukun nan ne ruwan yake faɗowa. In ka yanke, me ya rage?"

Ya ce ai duwatsun ma suna da kyau.

Na ce, "An ce mini ƙafa goma sha biyu, na kawo ƙafa goma sha biyu, a ranar da aka ce. Bangonku ne, ku yi yadda kuke so da shi. Wannan kuwa, muddin ba a rataye shi ba nawa ne." Na ce da maigidana ya kama can. Muka naɗe a gaban Mista Kevin. Ya biyo mu har lif yana cewa ranar Juma'a manyan baƙi za su zo, bango zai zauna fayau. Na ce to a nuna musu talabijin.

Muka shiga mota, muka hau babbar hanya. Sannan maigidana ya ce, "Yanzu ina za mu kai shi? Ko falonmu bai kai tsawonsa ba." Na ce ƙarƙashin gado, a cikin leda biyu, kuma duk sati zan duba. Aka yi bikinsu ba da ni ba. Wasu daga matan da suka taka suka ce na zubar musu da gumi a banza. Ban ba kowa haƙuri ba, na sayo sabon gashi, na sa a firiza, na ci gaba da aikina.

Sati uku bayan haka, ranar Litinin, ina tsaye a kan tukunyar baba hannuna shuɗi har gwiwa, waya ta yi ƙara. Mista Kevin ne. Ya ce mai kamfanin ya ga hoton da ya ɗauka, ya tambayi ina abin yake. Ya ce an cire allon an mayar da shi wani bango. Ya ce ko zan iya kawowa gobe da safe, za su turo mota.

Na ce masa gobe Talata ina rini, jibi Laraba ina wanki. Su jira Alhamis.

Suka jira.